Hoto ya ce babu toshewa, ƙirji kuma bai daina ciwo ba

Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce, shekarata 52, 'ya'yana bakwai. Shekara biyu ke nan ina fama da ciwon ƙirji. Ji nake kamar an ɗora min dutsen niƙa, wani lokaci ya hau wuya da muƙamuƙi, ya zagaya tsakanin kafaɗuna. Yana tasowa in na hau bene, ko na yi shara, ko raina ya ɓaci, wata rana kuma ina zaune kawai. Ga haki, ga gajiyar da ba ta da dalili. Na daɗe ina shan maganin ulsa babu sauƙi. Da aka ɗora ni a na'urar tafiya ana awon isiji, wato awon lantarkin zuciya, aka ce an ga canji, aka tura ni wani asibiti a Abuja. Sai da na sayar da sarƙata da 'yan kunne kafin aka yi min hoton jijiyoyin zuciya. Likitan ya ce babu toshewa ko ɗaya, in gode wa Allah, in rage tunani. Maigidana an yi masa irin hoton nan shekara uku da suka wuce, aka ga jijiya ta toshe, aka sa masa ƙarfe, ya samu lafiya. Yanzu cewa yake shi ya san ciwon zuciya, nawa ba shi ba ne. Dangi na cewa kishi ne, don ya ƙara aure bara, wasu kuma sun ce iska ce. Har na fara zargin kaina. Hawan jini ya kama ni tun cikin autata, lokacin da na kumbura har aka yi min aiki, al'adata kuma ta ɗauke shekara uku ke nan. Mene ne ke damuna? In ajiye maganin hawan jinin tunda an ce zuciyar lafiya take?

Wata malama daga Kano

Wa alaikumus salam Malama. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa don ita ce mai gaggawa: kada ki ajiye maganin hawan jini ko na kwana ɗaya, sai dai in likita ne ya canza miki da wani. Za ki ga dalili a gaba.

Wurin da ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarki shi ne inda kika ce kin fara zargin kanki. Don Allah ki daina, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nauyin ƙirji da ke tasowa da aiki ko ɓacin rai, da canjin da isiji ya nuna kina kan na'ura, da hoton da ya fito babu toshewa, in aka haɗa su uku, siffa ce da likitocin zuciya suka daɗe da sani. Suna kiranta INOCA, wato yunwar jini a tsokar zuciya alhali manyan jijiyoyi a buɗe suke, kuma mata sun fi maza zuwa asibiti da ita. Wanda zai yanke hukunci a kanki shi ne likitan da zai zaunar da ke ya duba ki, amma ina so ki shiga wurinsa kina sane da abin da hoton nan ya gani da inda ganinsa ya tsaya.

Tunda ke 'yar Kano ce, ki tuna noman rani na Kura da Kadawa. Ruwa yana tasowa daga madatsar Tiga, ya bi babban kanal na siminti, ya rabu zuwa ƙananan hanyoyi, su ma su rarrabu, har ya iso 'yar siririyar hanyar da manomi ke buɗewa da fartanya ta shiga fangalinsa. Wanda ya tsaya kan gada ya leƙa babban kanal, ya ga ruwa na gudu, in ya ce babu toshewa gaskiya ya faɗa. Duk da haka tumatirin da ke can ƙarshen gona zai iya yin yaushi a wannan ranar, in 'yar hanyar da ke kai masa ruwa ta cushe ko ta ƙi buɗewa.

Haka Allah ya tsara zuciya. Manyan jijiyoyi uku ne ke kwance a samanta, kaurin kowace kamar na bututun tawadar biro, milimita 2 zuwa 4. Su ne ake gani a hoton da aka yi miki, anjiyogiram, wanda ake zura siririn bututu ta wuyan hannu ko matsematsi a fesa ruwan rini. Ɗaya daga cikinsu ce ta toshe wa Alhaji, aka sa masa 'yar ragar ƙarfe ta tokare ta. Daga jikin waɗannan manyan ne rassa barkatai ke nutsewa cikin naman zuciya, suna sirancewa har su gaza rabin milimita, wasu ma ba su kai kaurin silin gashi ba. Nan idon hoton ya ƙare. Kuma waɗannan ƙananan su ke riƙe da kan famfo, su ke yanke yawan jinin da zai shiga tsokar a kowane minti.

Tsokar hannu ko ta ƙafa in tana hutawa, kaɗan take ɗiba daga iskar oksijin da ke cikin jini, saura na nan ajiye don lokacin aiki. Zuciya ba ta da wannan ajiyar, don tun kina kwance take zuƙe kusan kashi uku cikin huɗu. In kika ɗauki tsintsiya ko kika taka matakalar bene, hanya ɗaya ta rage mata, a ƙaro jini. Sai ƙananan jijiyoyin su saki su buɗe, gudun jini ya ninka sau uku, sau huɗu, har fiye a mai ƙoshin lafiya. Likitoci suna iya auna wannan ninki. In bai kai sau biyu ba, ko biyu da rabi a wasu hanyoyin awon, an san akwai matsala. Tsokar sai ta shiga yunwa, kuma yunwar nan ce mai ita ke ji kamar dutsen niƙa.

Abin da ke hana su buɗewa iri-iri ne. Hawan jini na shekaru da ciwon suga suna kaurara bangonsu, ramin ya ƙuntata, wasu rassan su ɓace gaba ɗaya. Wani lokaci kuma shimfiɗar da ke cikin jijiyar ce ke gazawa, wadda aikinta shi ne fitar da wani sinadari, naitirik oksaid, mai sa bango ya saki. Akwai kuma wadda jijiyarta, babba ko ƙarama, ke damƙewa haka kawai kamar yadda tsokar ƙwauri ke ɗaurewa da dare, bayan mintuna ta saki. Irin wannan shi ke kawo ciwo mutum na zaune ko da asuba, kuma in aka zo ɗaukar hoto lokacin da ta saki, lafiya lau za a gan ta.

To, ga inda ke da Alhaji kuka rabu. A namiji, kitse ya fi taruwa wuri guda a babbar jijiya ya yi tudu ya tare hanya, hoto ya nuna shi ƙarara. A mace, sau da yawa shimfiɗuwa yake yi a tsawon bangon kamar yaɓen ƙasa, ramin ya ragu bai-ɗaya, sai hoton ya ga hanya sumul. A Denmak an bi mutum fiye da 11,000 da aka yi wa hoto saboda ciwon ƙirji tsakanin 1998 da 2009. Rahoton da ya fito a 2012 ya nuna kashi 65 cikin 100 na matan ba su da toshewar da ta tare hanya, a maza kuwa kashi 32 ne. Ki ga, a cikin matan da suka kwanta kan gadon da kika kwanta, waɗanda aka gaya wa abin da aka gaya miki su ne mafi yawa.

Wannan abu ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai. Tun 1967 wani likitan Filadelfiya a Amurka, William Likoff, ya ba da labarin mata 15 masu ciwon ƙirji da canjin isiji, jijiyoyinsu kuma tas a hoto. A 1973 Harvey Kemp ya sa wa abin lakabin X, harafin da masu lissafi ke bai wa abin da ba a gano ba. Shekaru suka yi ta tafiya ana sallamar mata da maganin barci da nasihar rage tunani. A 1991 Bernadine Healy, likitar zuciya kuma mace ta farko da ta shugabanci hukumar binciken lafiya ta Amurka, ta rubuta ƙorafin cewa ba a ɗaukar ciwon zuciyar mace da muhimmanci sai ta nuna irin na namiji gare ta. Bayan shekara biyar, a 1996, aka fara wani babban bincike mai suna WISE ƙarƙashin Noel Bairey Merz ta asibitin Cedars-Sinai, da mata 936. Kusan shida cikin goma ba su da toshewa. Da aka auna aikin ƙananan jijiyoyin wasu daga cikinsu, kusan rabi aka samu da matsala. Da aka zura wata 'yar na'ura mai leƙa bangon jijiya daga ciki, aka tarar da kitse a kusan takwas cikin goma, alhali hoton farko ya ce babu toshewa. Shi ya sa kalmar "babu toshewa" take da iyaka, kuma ya kamata mai faɗarta ya faɗi iyakar tare da ita.

Sai dai kar mu wuce gona da iri mu ce cutar mata ce zalla. A Boston an auna ninkin gudun jini a maza 405 da mata 813 waɗanda ba a ga alamar toshewa a jikinsu ba, rahoton ya fito a 2014, aka samu matsalar a kashi 51 na maza da kashi 54 na mata. Kusan kunnen doki ke nan, kuma ta cutar da kowane ɓangare. Bambancin shi ne namiji yakan zo da ita tare da toshewar da ake gani, sai a kama shi a ba shi magani. Mace takan zo da ita ita kaɗai, sai ta fita da takardar sallama.

Akwai kuma bambanci a halittar jijiyoyin kansu, kuma wannan ɓangaren yana burge ni. Jijiyoyin zuciyar mace sun fi na namiji siranta, ko da an yi la'akari da girman jiki. Zuciyarta ta fi ƙanƙanta, ta fi saurin bugawa, kuma jinin da ke bi ta jijiyoyinta lokacin hutu ya fi na namiji gudu. Likitocin jami'ar Stanford sun auna mata 117 da maza 40 masu ciwon ƙirji babu toshewa, suka wallafa a 2015. Da aka buɗe jijiyoyin iya buɗewarsu, tirjiyar da jini ke gamuwa da ita kusan ɗaya ce a mace da namiji, amma ninkin mata ya fi ƙasa, saboda tun suna hutawa famfonsu ya riga ya ɗan buɗe. Wanda ya fara tafiya da sauri, abin da ya rage masa na ƙarin sauri kaɗan ne. In hawan jini ko ƙarancin jini ya zo ya ci wannan 'yar rarar, da wuri za a ji a jika.

Abubuwa biyu da kika ambata a ƙarshen wasiƙarki, kamar ba su da muhimmanci, a wurina suna cikin manyan shaidu. Na farko ɗaukewar al'ada. Sinadarin mata, istirojin, yana taimaka wa shimfiɗar cikin jijiya ta fitar da naitirik oksaid. In ya ja baya, yawanci tsakanin shekara 45 da 55, jijiyoyi kan yi tauri, kitsen jini ya hau, hawan jini ya ƙaru. Al'adarki ta ɗauke shekara uku da suka wuce, ciwon ya fara shekara biyu. Na biyu shi ne cikin autarki. Hawan jinin ciki mai zuwa da kumburi, wanda in ya tsananta yake kai wa ga jijjiga, asalinsa ciwo ne na shimfiɗar jijiyoyin jini. Matar da ta yi shi, haɗarin ciwon zuciyarta a gaba kusan ninki biyu ne na wadda ba ta yi ba, kuma tun 2011 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sa shi cikin abubuwan da ake tambayar mace. A wurinmu da an sauka lafiya an yi suna, sai a rufe maganar. Ki gaya wa duk likitan da zai duba ki labarin cikin nan, ko bai tambaya ba.

Maganar kishi kuwa, lissafi ya isa ya amsa ta: auren bara aka yi, ciwon shekararsa biyu. Amma ba zan ɓoye miki ba, ɓacin rai yana tayar da wannan ciwo. In rai ya ɓaci, jiki na sakin sinadaran da ke sa zuciya ta yi sauri, jijiyoyi su tsuke, kuma bincike ya nuna ƙananan jijiyoyin mata sun fi saurin amsa irin wannan kira. Saboda haka in kin ji ƙirjinki ya ɗaure bayan an faɗa miki magana marar daɗi, jijiya ce ta tsuke da gaske, kamar yadda take yi in kin hau bene. Damuwa na cikin abubuwan da za a yi wa magani, kuma rashin yarda da ake nuna miki a gida na ƙara ta. Masu cewa iska ce, ki ce musu kin gode da addu'a, ki ci gaba da azkar ɗinki, ki kuma riƙe asibiti. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Abin da nake roƙonki ki guje wa shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, don wasu na taɓa ƙoda, wasu na rikici da maganin hawan jini.

Za ki so ki san ko abin na da haɗari. Likitan da ya ce ki gode wa Allah yana da hujja, don rashin toshewa alheri ne babba, ba kya buƙatar ƙarfe ko tiyata, kuma mafi yawan masu wannan matsala suna rayuwa mai tsawo. Inda nake ganin an gaza miki shi ne sallamar. Binciken Denmak ɗin nan da na WISE duk sun nuna masu ciwon ƙirji babu toshewa sun fi sauran jama'a fuskantar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da wani nau'in gazawar zuciya inda tsokar ke yin tauri ta kasa sakin jiki ta cika da jini, wanda shi ma ya fi yawa a mata masu hawan jini. Ciwo ne da ake zama da shi ana lura, kamar suga.

Ga abin da nake so ki yi. Ki tattara takardunki duka, da faifan hoton in an ba ki, da takardar isijin da aka yi kina kan na'ura, ki nemi ganin likitan zuciya. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato suna da sashen zuciya. Ki ce masa: "Likita, manyan jijiyoyina a buɗe suke, amma ina da ciwo kuma isiji ya canza. Ko matsalar ƙananan jijiyoyi ce, ko damƙewar jijiya?" In kin so ki rubuta INOCA a takarda ki miƙa masa. Kafin ki je, ki ɗauki littafi irin na 'yan ajinki, ki yi sati biyu kina rubuta duk lokacin da ciwon ya taso: ƙarfe nawa, me kike yi, minti nawa ya ɗauka, me ya kwantar da shi. Ciwon da ke bin aiki da wanda ke zuwa da asuba kina kwance, maganinsu ya bambanta, kuma littafin nan zai gaya wa likita abin da na'ura mai tsada ba za ta gaya masa ba.

A fara da awo masu sauƙin kuɗi. A duba yawan jini, don ƙarancin jini ya yi yawa a matanmu kuma shi kaɗai yana iya jefa zuciya cikin yunwa. A duba suga, da kitsen jini, da ƙoda, da aikin maƙoƙo. A yi eko, hoton zuciya na sauti, a ga ko hawan jini ya kaurara tsokar, ko wata ƙofar zuciya ta lalace, ko akwai ragowar kumburin zuciya na bayan haihuwa da ya yi yawa a Arewa. Kowanne cikin waɗannan na iya kawo irin ciwonki, kuma kowanne da nasa magani.

Awon ƙananan jijiyoyin kansu ya fi wuyar samu. Ana yinsa ta hanyar da aka yi miki hoto, a zura siririyar waya mai auna gudun jini, a ba da maganin adenosin da ke buɗe su iya buɗewa a ga ninki, sannan a ba da maganin asetilkolin a ga ko za su damƙe. Ana kuma iya auna ninkin ba tare da zura komai ba, da na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki, PET ko MRI, ko wani nau'in eko. Ba kowace cibiya ke da su ba, don haka kada ki sake sayar da wani abu sai kin tabbatar wurin da za ki je suna yin wannan awon musamman, in ba haka ba hoton farko za a maimaita miki, a ba ki amsar farko. In za a yi miki awon adenosin, ki bar goro da shayi da kofi da lemon kwalba mai sinadarin kafeyin na kwana guda kafin ranar, don suna kashe aikin maganin su ɓata sakamako.

Awon yana da amfani, an gwada. A Gilasgo ta ƙasar Sikotland, Tom Ford da Colin Berry sun ɗauki marasa lafiya 151 masu irin matsalarki, kusan uku cikin huɗu mata, a binciken da suka kira CorMicA a 2018. Rabi aka ba su magani bisa abin da awon ya nuna, rabi aka bi yadda aka saba. Bayan wata shida, da bayan shekara guda, waɗanda aka san irin ciwonsu sun fi samun sauƙi da jin daɗin rayuwa. Saboda irin wannan ne ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai, a ƙa'idojinta na 2024, ta ce a yi wa mai ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa wannan awo. In bai samu ba, likita mai lura zai iya fara magani bisa siffar ciwon, ya riƙa gyarawa yana ganin yadda jiki ke amsawa, kuma haka ake yi a wurare da dama.

Nan ne dalilin amsar da na ba tambayarki ta ƙarshe yake. Wasu daga cikin magungunan hawan jini su ne maganin wannan ciwo. Irin su bisoprolol suna rage saurin zuciya, su ba ta lokacin shan jini, don tsokar zuciya ta fi samun jininta a 'yar tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Irin su amlodipine da diltiazem suna hana damƙewa. Irin su lisinopril da losartan suna taimakon shimfiɗar jijiya, haka ma maganin kitse na sitatin. Wadda damƙewa ce matsalarta, irin su bisoprolol na iya ƙara mata ciwo, shi ya sa zaɓin na likita ne, ba na mai kemis ba. Burin awon jininki ya sauka ƙasa da 130 bisa 80, ki sayi na'urar awo ta gida in da hali. Ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe takan yi wa mai toshewa ko damƙewa aiki nan take, amma a matsalar ƙananan jijiyoyi wani lokaci ba ta yin komai sai ciwon kai, kada wani ya riƙe wannan hujjar cewa ciwonki ba na zuciya ba ne. Kada ki taɓa magungunan Alhaji, musamman masu tsinka jini da ake bai wa mai ƙarfe, suna iya jawo miki zubar jini a ciki. Kada kuma ki nemi ƙwayoyin istirojin da sunan gyaran zuciya, babban binciken da aka yi a Amurka ya nuna tun 2002 cewa ba sa kare ta. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da haɗin da ake ƙullawa a leda suna ɗaga hawan jini, ki nisance su. In azumi ya zo, likita ya raba miki shan magani tsakanin sahur da buɗe-baki.

A kicin, gishiri ne babban abokin gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma magi da kanwa da yajin da aka haɗa da su duk suna cikin lissafin. Daddawa da albasa da tafarnuwa za su riƙe miki miya. Tafiya kuma magani ce da aka tabbatar, ko da yake na san tsoronta kike ji. Bayan likita ya ba ki izini, ki fara da minti goma a hankali, ki riƙa ƙarawa har ki kai minti 150 a sati. Ki fara a sannu kafin ki ƙara sauri, don waɗannan jijiyoyi ba sa son a taso su ba shiri. Lokacin hunturu ki rufe ƙirji da asuba, ki yi alwala da ruwan ɗumi, sanyi na tsuke su.

Abu guda kada ki yi wasa da shi. In ciwon ya zo da ƙarfin da ba ki saba ji ba, ko ya kai minti goma sha biyar kina zaune bai sauka ba, ko ya zo da gumi mai sanyi, amai, jiri ko numfashi na neman ɗaukewa, a kai ki asibiti nan take, ko tsakar dare ne. Kada a tsaya neman maganin ulsa, kada kuma ki ji kunyar cewa an riga an ce lafiyarki ƙalau. Ana yin bugun zuciya ba tare da toshewa ba, kuma an fi ganin haka a mata. Ki nemi a yi isiji da awon jini na tiroponin, mai nuna ko tsokar zuciya ta ji rauni.

Alhaji kuwa, shi ya fi kowa cancantar ya fahimce ki, don ya san abin da ake nufi da a ɗora wa mutum dutse a ƙirji. Abin da ya sani gaskiya ne, irin nasa ya sani. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance ki karanta masa wannan amsa, musamman zancen kanal da fangali, sannan ki roƙe shi ya raka ki wurin likita ya ji da kunnensa. In yana da ranar komawa asibiti don duba ƙarfensa, ku haɗa ranar. 'Ya'yanki mata da suka yi aure kuma ki gaya musu abin da ya same ki a cikin auta, don irin wannan hawan jini yana bin dangi, su riƙe zuwa awo, su ci gaba da auna jininsu bayan sun yi arba'in.

Ki rubuto min bayan kin ga likitan, ki haɗo da sakamakon eko, da yawan jinin, da sunayen magungunan da kike sha yanzu, da abin da littafin sati biyun ya nuna. Allah ya ƙara sauƙi, Malama.